Wakilinmu Ba Ya Amsa Tambaya

A unguwarmu ba wanda yake kiran kakana da wani suna sai Wakilinmu. Haka liman yake kiransa, haka mai shayin bakin titi, haka yaran da aka haifa bayan jaridar da ya yi wa aiki ta daina fitowa. Asalin abin shi ne, a waccan jarida ba a sa sunan wanda ya ɗauko labari. A saman kowane labari "Daga Wakilinmu" kawai za ka gani, ko gobara ce, ko shari'a, ko tashin farashin kaya a kasuwa. Da mutanen unguwa suka gane shi ne yake ɗauko yawancin labaran nan, sai suka liƙa masa, ya kuwa bi shi har tsufa. Mu jikoki Kaka muke ce masa, matarsa kuma Iya.

Kaka mutum ne mai sauƙin kai, ba ya faɗa, ba ya rowa, amma yana da hali guda da ya gagari kowa: ba ya amsa tambaya. Ba wai yana yin banza da mutum ba ne. Zai dube ka da fara'a, ya gyaɗa kai kamar ka faɗi abin da ya daɗe yana jira, sannan ya mayar maka da tambayarka har ta haihu. In ka ce masa ya ci abinci, sai ya ce wa ya gaya maka bai ci ba. In ka ce ina ya je da safe, sai ya ce kai a ina kake da har ka lura ba ya nan. Kafin ka farga kai ne kake bayani, shi kuma ya jingina da kujera yana cewa, "To. Sai me ya faru?"

Na taɓa raka shi asibiti da ciwon gwiwa. Likita ya tambaye shi tun yaushe ciwon ya fara. Da muka fito, Kaka ya san garin da likitan ya yi karatu, ya san shi ma bayansa yana damunsa, ya san 'yarsa ta fari ba ta shiri da lissafi. Maganin gwiwa kuwa sai da muka kai bakin ƙofa likitan ya tuna, ya biyo mu da takardar a hannu. Iya ta ce haka ta same shi. Wai lokacin da yake nemanta ta taɓa tambayarsa ko da gaske yake sonta, sai ya ce mata su waye kuma suka taɓa gaya mata haka, kuma ita me ta ce musu.

Don haka duk abin da na sani na rayuwarsa a bakin wasu na tsinta, galibi a bakin Iya. Da aikin duba kurakurai ya fara a jaridar, yana bin layi da yatsa kafin a kai wa injin bugu. Daga nan aka tura shi waje, kotu da kasuwa da tasha da asibiti. Iya ta ce ita da takalma take auna shekarun aurenta, domin ba ta tuna lokacin da babu ƙafa ɗaya ta takalminsa a wurin mai gyara. Sai wata shekara masu jaridar suka daina bugawa a takarda, suka koma intanet. Ran nan kafin azahar aka ga Kaka ya sauko daga tasi rungume da tafiretarsa. Ya ajiye ta a ɗakinsa na bakin ƙofa, ya rufe ta da tsohon zanen Iya, ya tambayi me ake dafawa. Iya ta ce ita ce kaɗai tambayar da ta taɓa jin ya yi bai bi ta da wata ba. Daga ranar bai sake ta da zancen ba, ba wanda kuma ya iya ciro shi daga bakinsa.

Ɗakin nan yana nan yadda yake. Akwai kujera mai hannu ɗaya a ɗaure da waya, akwai rediyo, akwai tsofaffin jaridu dam-dam da igiya a kan kabad, sai fanka mai juyawa gefe ɗaya kawai. A aljihun rigarsa kuma kullum akwai jan biro. Ya gyara kalandar bango, ya gyara takardar da ke cikin kwalin maganinsa. Wani maƙwabcinmu ya taɓa kawo masa katin ɗaurin auren ɗansa, Kaka ya yi godiya, ya sa albarka, washegari ya aika masa da katin da zane ja a wuri uku.

Ni ina zaune tare da su, shagona na gyaran waya kuma yana bakin layi. Kaka yakan zo ya zauna a bencina da hantsi. Shi ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa, ya ce ta ishe shi. Masu kawo gyara sukan shigo da labari da zafinsa, an ce kaza ya faru, ga shi nan yana yawo a waya. Kaka sai ya matsa musu wuri, ya tambaya a hankali wa ya ce, a ina, shi mai faɗin yana wurin ko shi ma ji ya yi. Mutum yakan fita da wayarsa a gyare, labarinsa kuwa a wargaje.

To, yayata ce ta ɗebo ruwan dafa kanta. Tana aiki a wani gidan rediyo, ta ɗauki hutun karatu tana yin digiri na biyu a fannin aikin jarida. Kundinta a kan yadda neman labari ya sauya ne, daga zamanin takarda zuwa zamanin waya. Ta yi hira da samari masu shafukan labarai da suke gudanarwa daga kan katifarsu, da 'yan mata masu ɗaukar rahoto da waya a hannu, da editocin intanet, har da wasu masu karatu. Kaka tun da ta fara yake kiranta Farfesa, ita kuma tana ce masa tsohon yayi.

Malamin da ke duba aikinta, wanda take kira Dokta, ya karanta ya ce kundin a kan ƙafa ɗaya yake tsaye. Duk muryar yara ce, babu ta wanda ya yi aikin a zamanin takarda, alhali babi na huɗu kwatanci ne tsakanin da da yanzu. Ya ce in babu wannan murya ba zai sa hannu ta shiga cikin masu kare kundi na bana ba, sai dai ta jira baɗi. Hutunta kuwa bana zai ƙare, in ta koma aiki ba kundi, Allah kaɗai ya san ranar gamawa. Ta nemi abokan aikin Kaka, ta tarar yawanci sun rasu, ɗaya ciwo ya kama masa harshe, ɗaya kuma ba ya ji ko an buga ganga a kansa. Amma Yaya ba ta damu ba. Ta gaya wa Dokta ai abin nema ya samu, tana da tsohon ɗan jarida a gida. Da ta maimaita wannan magana a tsakar gida, Iya ta yi dariya har sai da na miƙa mata ruwa.

Ranar hira ta farko ta kawo min wayarta na share mata tarkace don naɗin ya samu wuri. Kaka ya sa rigarsa mai kyau, ya karɓe ta da murna, ya ce wa zai ƙi Farfesa. Ta ɗora wayar a kan kujerar tsakiya, ta danna, ta gyara murya.

"Kaka, yaushe ka fara aikin jarida?"

"Kin fara da kyau," in ji shi. "Amma ke, duk ga likitanci ga lauyanci, me ya kai ki wannan aikin wahala?"

Ta ga rashin ladabi ne ta ƙi amsawa, ta ce bari ta ba shi a taƙaice. Can wajen azahar ta fito fuskarta kamar gonar auduga, ta ce ba ta taɓa yin hira mai daɗin wannan ba. Ta zo shagona ta zauna a benci, ta toshe kunnuwa da abin sauraro, ta buɗe kwamfuta za ta kwafe maganar. Ina cikin aiki ina satar kallonta. Murmushin ya fara raguwa. Ta tura naɗin gaba, ta saurara, ta sake turawa. Daga ƙarshe ta cire abin kunnen ta ajiye a cinya, ta zuba wa titi ido.

Muryarta ce daga farko har ƙarshe. Ta ba shi labarin saurin fushin Dokta, da yadda shugabarta a rediyo take yi mata, da tsoron da take ji kada ta kasa gamawa. Har da wani saurayi mai aiki a ɗakin karatu na jami'a, wanda ba wanda ya san da zamansa a gidanmu. Abin da Kaka ya bayar a cikin binciken gaba ɗaya shi ne "To", da "Ikon Allah", da "Shi kuma me ya ce?", sai tari guda.

Da yamma ya kira ni gefe ya tambaye ni ko na san wani yaro mai jera littattafai a jami'a. Na ce ban sani ba. Ya ce to shi ke nan, ba zai kai wa Iya ba tukuna, majiya ɗaya ce, labari bai nuna ba.

Karo na biyu Yaya ta zo da shiri. Ta ce a littafin koyon hira an rubuta cewa ɗan Adam ba ya jure shiru: ka yi tambaya, ka kame bakinka, shi da kansa zai cike gurbin. Ta shiga, ta tambaye shi yadda suke tabbatar da labari a da, ta haɗe leɓe. Kaka ya dube ta da sha'awa, irin kallon da tsohon ɗan dambe yake yi wa yaro mai gwada naushi. Shi ma ya yi shiru. Na saurari wannan naɗi daga baya. Ana jin fanka, ana jin kaza, ana jin mai sayar da ruwa ya wuce ya dawo, ana jin Iya tana wanke kwanuka. Can sai muryar Yaya, a sanyaye, tana cewa shayinsa fa zai huce. Kaka ya ce ita ta sha nata kuwa, ko damuwar karatu ta hana ta karyawa. Daga nan aka koma gidan jiya.

Sai ta kai ƙara wurin Dokta. Dokta ya ce ta ba tsohon waya, shi ya san yadda ake bi da irinsu. Suka daɗe suna magana, ko in ce Dokta ya daɗe. Ina jin Kaka yana cewa, "A ƙasar waje? Da sanyin nan? To, sai me ya faru?" Da aka mayar wa Yaya wayar, Dokta ya ce mata wannan dattijo rijiya ce, bai taɓa haɗuwa da mai zurfin tunani irinsa ba, kada ta kuskura ta kawo masa babin sai ta kwashe duk abin da ke cikinsa. Ya kuma tuna mata lokaci yana ƙurewa.

Ran nan ne na ga Yaya ta fita daga wasa. Ta shiga ɗakin ba waya, ba littafi, ta durƙusa kusa da kujerarsa. Ta ce masa ba Farfesa ce ke magana ba, jikarsa ce, karatunta yana hannunsa, don Allah me ya sa yake yi mata haka. Kaka ya daɗe yana kallon tafiretar nan da ke rufe. Na yi zaton yau za a ji.

"Ɗan jarida ba ya zama labari," in ji shi a hankali, "sai ranar da ya mutu ko ranar da ya yi abin kunya. Ni wanne na yi?"

Ta tashi ta fita. Shi ma ranar bai zo bencina ba.

Yaya dai ba ta iya zama haka kawai. Tunda ba ta da wani abu sai naɗin da ta riga ta yi, sai ta koma kansa tana bi daki-daki, ko za ta tsinci abin da zai cika layi biyu. A ƙarshen naɗin ranar shiru ta gano ta manta ba ta kashe wayar ba lokacin da ta fita shan iska. Ana jin Iya daga tsakar gida tana gaya wa maƙwabciya cewa babbar gobarar kasuwa a shekarar da ta haifi mahaifiyarmu aka yi ta, kuma daga layin masu mai ta tashi. Sai ga muryar Kaka daga ɗaki, da ƙarfi, ba tari ba "to". Ya ce ba a shekarar ba ce, a ta gaba ce. Ya ce ba layin masu mai ba, layin teloli ne, daga dutsen guga na gawayi. Ya faɗi ta inda iska ta kaɗa, da wanda ya fara gani, da yadda motar kashe gobara ta maƙale a lungu. Magana yake yi kamar an fasa tulu, ba wanda ya tambaye shi komai.

Yaya ta ja hannuna muka sami Iya a kicin, ta kunna mata. Iya ko a jikinta. Ta ce ai ta san shekarar da aka yi gobarar sarai, tana goyon mahaifiyarmu, za ta manta ne? Maƙwabciyar ce take son labarin, ita kuma tana da wanke-wanke.

"Tun da kike," ta ce wa Yaya, "kin taɓa jin na tambayi kakanki wani abu? In ina son sanin inda ya je, sai in ce an gan shi a wuri kaza. Shi zai kawo min gaskiyar har da shaidu."

Yaya ta yi tsalle, sannan kuma jikinta ya yi sanyi. Ta ce ita ba za ta iya ƙirƙiro ƙarya ta kai masa ba. A ƙa'idar bincike, duk abin da za ta ce wani ya faɗa, dole ne ya kasance wani ya faɗa ɗin, da bakinsa, a naɗe. Iya ta goge hannu a zaninta, ta tambaya ko masu karanta jarida suna cikin waɗanda ake jin ta bakinsu. Yaya ta ce suna ciki. Iya ta ce to ita ta karanta jaridar nan tun kafin a haifi uban Dokta ma, wataƙila. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno.

"Kunna abin naki."

Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da ta yi bayaninta, ko murmushi babu. Ta ce a ganinta na tsohuwar mai karatu, wannan Wakilinmu da ake rubutawa ba kowa ba ne. Editoci ne suke zama a inuwa, ƙafa kan ƙafa, su saurari rediyo, su ji tsegumin mai shayi, su rubuta, su ɗora wa wani Wakilinmu da ba a taɓa gani ba. Ta ce gara yaran yanzu, ko ba komai suna nuna hoto a ga sun je wurin. Da ta gama, ta ce a sakaya sunanta, tana da miji.

Washegari da hantsi Yaya ta shiga wurin Kaka da fara'arta. Ta ajiye wayar a inda ta saba, ta danna a gabansa. Ta ce ba tambaya ta zo yi ba, ta haƙura, za ta rubuta babin da abin da ta samu a wurin wasu. Sai dai ƙa'ida ce ta jiyar da shi abin da wata majiya ta faɗa a kan aikinsu, don kada ya gani a kundi ya ce ba a gaya masa ba. Ta karanta masa maganar Iya kalma bayan kalma.

Ni ina daga bakin ƙofa ina kallo. Kaka ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wa ya faɗi haka?"

"Majiya ce, Kaka."

"Babba ne ko yaro?"

"Na yi alkawari ba zan bayyana ba."

"Ɗan garin nan ne?"

"Kaka, kai da ka ba da labari a zamaninka, kana faɗin wanda ya gaya maka?"

Ya dube ta. Na ga abu biyu suna kokawa a fuskarsa, ɓacin rai da kuma wani abu mai kama da alfahari. Ya nuna wayar da haɓa ya tambaya ko tana ɗauka. Yaya ta ce tana ɗauka.

"Matso da ita. Kuma ki rubuta a sama da manyan baƙaƙe: wannan martani ne. Ni ban yi hira da kowa ba."

Ya fara da shekarar ambaliya. Ya ce hukuma ta ba da adadin gidajen da suka rushe tana zaune a ofis, shi kuwa ya naɗe wando ya shiga ruwa har ƙugu, takardunsa a cikin hula, yana bi gida gida. Da ya fito babu mota, ya taka har gidan waya, ya bi layi jiƙe sharkaf, ya karanta wa ɗakin labarai rahoton ta tarho yana maimaita kowane suna harafi harafi. Edita ya yanke rabinsa don a sa tallan sabulu. Ya ba da labarin kotu, inda yake zama a bencin baya har ya gane mai ƙarya daga yadda yake riƙe hularsa. Ya ce ƙa'idarsu ita ce baki biyu da ido ɗaya: mutum biyu da ba su haɗa baki ba su faɗa, kai kuma ka je ka gani. Ya ce a je a tambayi mai gyaran takalmi ko Wakilinmu mutum ne ko aljan.

Yaya ta bar shi yana ta zuba. In ya lafa, sai ta duba takardarta ta ce majiyar fa ta ce gara yaran yanzu, sai ya sake tashi. Abin da ya ba ni mamaki, bai zagi yaran ba. Ya ce waɗanda suke zuwa wurin da wayarsu sun fi su sa'a, hoto yana fita kafin wuta ta mutu. Ya ce da yana da irin wannan aba a ranar ambaliya, da ba wanda ya isa ya yanke masa rabin labari.

Daga nan ya gangaro kan ranar da ya dawo da tafireta. Ya ce mutane suna zaton kwamfuta ce ta kore shi, alhali ya koye ta, da yatsa biyu yake bugawa amma yana riga yara gamawa. Abin da ya faru shi ne, an tara su a ɗakin labarai, wani sabon manaja ya nuna musu allo mai ƙirga masu latsa kowane labari. Ya ce duk mai son zama zai zauna, amma ba fita. Za ka zauna a kujerarka ka duba abin da wasu shafuka suka sa, ka sauya kalmomi, ka saki, ka kama na gaba, daga safe har yamma. Kaka ya ɗaga hannu ya tambaya to wa zai je wurin. Manajan ya ce ba sai an je ba.

"Kujera ce ta kore ni, Farfesa," in ji shi. "Na ƙi zama a kanta na dawo gida. Yau kuma a ce a kanta na yi aikina?"

Ya ce kafin ya fito ya sauka ƙasa inda injin bugu yake, ya tarar da shi a kashe, ya ɗora hannu a jikinsa ya ji sanyi. Yana kaiwa nan ya nemi shayinsa wanda ya daɗe da hucewa. Sai a lokacin na lura ƙarar ludayi ta tsaya a kicin. Na leƙa na ga Iya a tsaye, ludayin a hannu, tana kallon bango. Ashe wannan ɓangaren ita ma ba ta taɓa ji ba. Ranar abincin rana ya makara, ba wanda ya yi ƙorafi.

Babi na huɗu ya fito da kaurinsa. Kaka ya ce sai ya gani kafin a kai, ya bi shi da jan biro har Yaya ta ce kamar an yanka kaza a kai. Duk inda ta rubuta "hira" ya soke ya sa "martani". Dokta ya karanta, ya sa hannu, ya ce dama shi ya san akwai kaya a cikin dattijon tun ranar da suka tattauna. Yaya ta kare kundinta tare da 'yan ajinsu, ta koma rediyo kafin hutunta ya cika. Saurayin ɗakin karatu ma ya zo gaisuwa. Ya shiga wurin Kaka da niyyar gaisawa a tsaitsaye, ya fito bayan la'asar yana share gumi, Kaka kuma ya leƙa kicin ya gaya wa Iya labari ya tabbata.

Saura abu ɗaya da ya hana shi sakat: majiyar. Ya dawo bencina da sabon ƙarfi. Duk saurayin da ya shigo da babbar waya sai ya matsa masa wuri, ya tambaye shi ko yana da shafin labarai, ko ya san wata mai bincike, kuma me yake gani game da jaridun da. Ya zargi wani ɗan ajin Yaya, ya zargi mai shayi, har Dokta bai tsira ba. Ni kuwa na san ba zan iya da shi ba, don haka da na ga ya juyo kaina sai in cusa sukudireba a baki in duƙufa a kan aiki.

Wata rana da hantsi ya zo da kwafin kundin a hammata, ya zauna, ya buɗe babin, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Ya ce "a inuwa, ƙafa kan ƙafa". Ya ce mutum ɗaya ya sani a duniya mai faɗin haka, kuma tun yana ango ake faɗa masa duk ranar da ya ƙi zuwa cefane. Baki ɗaya ke nan. Na biyu kuwa, ya ce, sukudireban da ke bakina ne, don bai taɓa ganin mai gyara yana cin kayan aikinsa ba sai in an zo kan wannan magana.

Na cire shi na tambaye shi ko zai tunkari Iya. Bai amsa ba, ya ce in rufe shago mu je gida, rana ta yi. Muka shiga, ƙamshin miya ya tare mu tun daga ƙofa. Ya tsaya a tsakar gida ya shaƙa, ya dubi kicin, ya dube ni.

"Akwai labarin da ake dannewa," ya ce ƙasa-ƙasa, "saboda zaman lafiyar jama'a."

Ashe Iya tana ji. Ba ta ko juyo ba, tana zuba abinci a kwano ta ce da maƙwabciyarta, wadda ta shigo aron tsintsiya, ai dama an ce tsofaffin 'yan jarida ba su da wuyar sha'ani, da kwanon abinci ake rufe musu baki.

Kaka ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya a waje. Hannunsa ya tafi aljihun jan biro.

"Kira min Farfesa," ya ce da ni. "Ka ce ta zo da abin nan nata."